Haƙoran Malama Dorkas

Idan kuka shiga kasuwar Laraba a garinmu Lairuka za ku ji ana cewa taubashiyata, Malama Dorkas Hada, ta tsaya a kan mumbari ranar buɗe sabon coci, ta tara yawu, ta tsartar da shi ta saman kawunan mutum ɗari uku, ya fita ta taga, ya sauka daidai kan farin takalmin 'yar mishan ɗin da ta zo daga ƙetare. Masu busasshen kifi sun ƙara da cewa an sa takalmin a jirgin sama, yanzu haka yana can ƙasarsu cikin akwatin gilashi, likitoci bakwai sun kewaye shi. Wata mai tumatir ta rantse mini cewa da yawun ya gifta, ƙararrawar coci sai da ta yi ƙara.

Ƙarya ce, kuma na fi kowa sani, don rabinta ni na ƙaga. Ba takalmi ba ne, tayil ne. Ba a mumbari ba ne, a bayan ƙofa ne ta hannun hagu. Mutanen ba su kai ɗari uku ba sai an haɗa da kaji. Sannan, ku matso kusa, ba Dorkas ce ta tofa ba. Ni ne, ni Kornelis Lapu da ake kira Nelis, ɗan gwaggonta. Wa'azi ya yi tsawo, bakina ya cika, ƙofa ta cushe da jama'a, na duba dama na duba hagu, na sauke kayana. Ban gaya wa kowa ba, ku ma ku riƙe bakinku.

Tabon bai fi tafin hannun jariri ba. Amma shi ya buɗe hanyar da aka bi aka nemi ƙwace wa Dorkas takardarta ta wa'azi, wadda ta riƙe shekara goma sha tara. Shi ya sa na ga ya kamata in zauna in rubuta tarihinta, ko da yake aji huɗu na tsaya, shi ma malamin ne ya roƙe ni in tsaya.

Bari in fara daga haƙora.

Wanda ya san Dorkas yanzu, da haƙoran nan nata masu kama da masarar da aka manta a kan wuta, ba zai yarda ba idan na ce a duk gabashin tsibirinmu na Sumba ba a yi budurwa mai farin haƙori kamarta ba. Direban motar birnin Waingapu ya taɓa zuba mu cikin kwalbati saboda ta yi masa murmushi ta madubi. Sau uku a rana take goge su da gawayi. Pahapa kuwa, wadda kowa ke taunawa tun daga mai unguwa har mai kiwon ɓauna, wato ƙwallon pinang mai kama da goro da ɗan tsiron sirih mai yaji da garin farar ƙasa a kai, a tauna har yawu ya koma ja, ko warinta ba ta so. Kakarmu ta sha miƙa mata, ta ce ita ba za ta mai da bakinta mayanka ba.

Da an bi tsarin gidanmu, 'yar kawu ita ake aura, to da matata ce. Da aka taɓa tayar da zancen, ta ce ta gwammace ta auri turmi. Na ce turmin ma ba zai kai wata ba zai gudu gidansu. Daga ranar ba mu sake gaisawa ba tare da zagi ba, kuma duk duniya ba ni da wanda ya fi ta.

Ta yi shekara biyu a makarantar masu bishara a Waingapu, ta dawo da takarda mai hatimi a cikin leda. Aka ba ta Lairuka da ƙauyen da ke sama da mu. Cocin da ta tarar rumfar ciyawa ce, mabiya huɗu: gwauraye mata biyu, wani kurma, sai ni, ni ma inuwa ta kai ni.

Ƙauyen sama shi ne Praiwunga, can ƙololuwar tudu, gidaje goma sha ɗaya masu dogon rufi, kaburburan dutse a tsakiya. Duk masu bin Marapu ne, addinin kakanninmu. Babbansu tsoho Ndilu, shi ke yanka kaza ya duba hanjinta ya faɗi abin da magabata ke so. Masu bishara uku sun hau tudun kafin Dorkas, duk sun sauko da wa'azinsu bai taɓu ba.

Ranar Alhamis ɗin farko ni na kai ta, don ni ke da doki. Muka hau baranda, aka shimfiɗa tabarma, aka turo mana mbola, ɗan kwandon da ake zuba wa baƙo pahapa. Ba sai na gaya muku ba, wanda bai ci pahapar gida ba bai iso gidan ba, ko da zai yi kwana bakwai a barandar. Baƙon wucewa, irin masu zuwa ɗaukar hoto, zai iya ɗauka ya sa a aljihu, a yafe masa. Amma wanda ya zo da magana mai nauyi, neman aure ko sasanci ko zancen Allah, sai bakinsa ya yi ja kafin a buɗe masa kunne.

Dorkas ta dubi kwandon kamar an turo mata kububuwa. Na ga ta bi haƙoranta da harshe ɗaya bayan ɗaya.

Na yi mata raɗa, na ce, “Yi wa haƙoran nan ban kwana, Malama. In kina so in yi musu addu'a.”

Ba ta ko kalle ni ba. Ta ɗauka, ta barbaɗa farar ƙasa, ta jefa a baki. Ta tauna, ta tofa ta tsakanin gorar baranda yadda ake yi, ta buɗe baki ta yi magana rabin awa, tsoho Ndilu na saurare da ido rufe. Da ta gama ta nemi izini, ta sauka a hankali kamar matar sarki, ta zagaya bayan garken dawaki. Na bi ta. Jama'a, abin da ta mayar a wurin har da abincin bikin Kirsimetin bara.

Ta ɗago, ido jawur, ta damƙi kunnena. “Nelis, idan ka gaya wa wani, ni zan yi wa'azin jana'izarka. Kuma gaskiya zan faɗa.”

Ku kun san ba ni da abin tsoro da ya wuce wannan. Kuma na gane dalilinta. Idan mutanen tudu suka ji cewa abin da suke karrama ta da shi ƙyamarsa take yi, daidai yake da a ce tana karɓa da hannu tana tofa musu a fuska. Ƙofar da ta buɗe da haƙoranta za ta rufe, ba kuma za ta sake buɗuwa ba.

Haka aka yi shekara goma sha tara. Kowace Alhamis, ruwa ko rana, gida goma sha ɗaya, tauna goma sha ɗaya. Ba da wa'azi take farawa ba. Za ta zauna ta taya mata ɓarzar masara, ta tambayi ɓaunar da ta yi gurgunta, ta riƙe jariri uwarsa ta yi saƙa. In an yi mutuwa tana nan har a ja dutsen kabari. Maganar Yesu Almasihu sai ta zo ta uku ko ta huɗu, amma ba ta taɓa fasa zuwa ba. A gidanta kuwa ba ta taɓa sa pahapa a baki ba. Da ta sauko sai ta shiga bayan ɗaki da kofin ruwan gishiri, ka ji kamar ana yanka rago. Mijinta, kafinta ne, mutumin kirki wanda ban taɓa jin ya kai ƙarshen magana a gabanta ba, ya ɗauka rowa ce ta sa take cin na mutane ta bar nata.

Rumfar ciyawa ta tashi daga mutum huɗu zuwa sittin da wani abu. Jikokin tsoho Ndilu uku aka yi wa baftisma, bai hana ba. Shi kansa kuwa ko gezau. Duk shekara bayan girbi takan ce, “Baba, bana fa?” Shi kuma ya ce, “Ki tambaye ni baɗi, 'yata. Bana aiki ya yi mini yawa.”

Sai 'yan mishan suka zo. Ba zan zage su ba, sun haƙa mana rijiyar da har yau ba ta ƙafe ba. Sun rushe rumfar ciyawa suka gina coci na bulo, da rufin kwano, da farin tayil mai sheƙi wanda tsofaffi ke tafiya a kai kamar masu tsallake kogi. Aka kuma turo mana cikakken fasto, Fasto Melki, saurayi siriri, haifaffen Waingapu amma can a tsibirin Jawa ya yi karatu. Dorkas ta koma ƙarƙashinsa, Lahadi ɗaya nasa, ɗaya nata. Ba ta yi ƙorafi ba, ita ta ɗinka masa labule ma.

Washegarin buɗe coci Fasto ya ga tabona. Ya sa sabulu, ya sa toka, ya sa wani ruwa mai warin asibiti, tabo ya ce yana nan. Aka fara tambaya, wa ya tsaya a bakin ƙofa ranar? Malama Dorkas, tana gaisawa da baƙi. Wa ya fi kowa jan baki a cikin ma'aikatan coci? Aka kalli juna. Ta ce, “Ban tofa ba.” Sau ɗaya ta faɗa, ba ta ƙara ba. Ni kuma a lokacin wani tari ya kama ni, sai da na fita.

Bayan mako biyu takarda ta zo daga manyan ikilisiya na gunduma, da yardar 'yan mishan. Duk mai wa'azin da ke ƙarƙashinsu zai sa hannu cewa ya bar pahapa, a coci da ko'ina. Wanda ya ƙi, ya mayar da takardarsa.

Ranar da Fasto ya kira ta ina gyaran shingen gidansa, shingen da ba abin da ya same shi.

Ya ce, “Mama, kada ki ɗauka don tayil ne. Abin nan shi ya kashe mahaifiyata. Ciwon ya fara a kumatu, ya cinye mata rabin baki. Ni nake riƙe mata kwano. Ba zan iya tsayawa in ga masu wa'azina suna koya wa yara shi ba.”

Dorkas ta ce, “Na san mahaifiyarka, ɗana. Ita ta koya mini waƙar yabo ta farko. Ban ce abin nan magani ne ba. A coci ba na ci, ban taɓa ci ba. Da nan takardar ta tsaya da na sa hannu da hannu biyu. Amma kun rubuta ko'ina. Ko'ina ya haɗa da barandar Ndilu.”

“Sai ki ce musu likita ya hana ki.”

“In buɗe baki da ƙarya, sannan in zuba bishara a kai?”

“Mama, maganar Allah ba ta bukatar ƙwallon pinang kafin ta shiga gida.”

“Maganar Allah ba ta bukata. Ni mai ɗauke da ita ina bukata.”

Ya ce to shi zai hau da kansa ya nuna mata. Ta ce, “Hau, ɗana. Ka tafi da matashi mai laushi, gorar barandar tana da tauri.”

Ni na kai shi a babur. Aka shimfiɗa tabarma, surukar tsoho ta turo mbola. Ni na ɗauka, har sau biyu, don kada a ce mutanen Lairuka ba su da tarbiyya. Fasto kuwa ya sa hannu biyu cikin ladabi ya tura kwandon baya. Ya buɗe jaka ya fito da gwangwanin alewa mai sanyaya baki, ya ajiye a gaban tsoho, yana murmushi kamar wanda ya kawo maganin mutuwa.

Tsoho Ndilu ya dube ni. “Nelis, kai kaɗai ka hau yau?”

Na ce, “A'a Baba, ga Fasto.”

“Wane fasto?”

“Sabon fastonmu. Ga shi nan kusa da gwiwarka.”

“Madalla. In ya iso ka gaya mini.”

Awa uku muka yi. Fasto ya gyara murya ya gaishe su, ba wanda ya ji. Ya fara wa'azi, kyakkyawan wa'azi kuwa, da kashi na ɗaya da na biyu da na uku. Tsoho ya juyo yana ba ni labarin wata goɗiya da ta ƙi ɗaukar ciki. Yara suka zo suka tafi da gwangwanin alewa, ba wanda ya tambayi inda ya fito. Wata tsohuwa ta zo da tsintsiya ta share baranda, ta zagaye Fasto tsaf kamar ginshiƙi. Kare ne kawai ya shinshine shi, shi ma aka yi masa tsawa. Da muka tashi tafiya, tsoho ya rako ni har bakin tsani, ya ce, “Ka gaishe mini da faston nan naku. Ka ce masa hanyar ba ta da wuya, ya daure ya zo wata rana.”

Na ɗauka abin zai sassauta Fasto. Ina! A kan babur ina jin zafinsa a bayana kamar na goya tukunya. Muna sauka ya ce ranar Lahadi bayan sujada dattawa za su zauna, Malama ta zo da takardarta.

Ranar Asabar na same ta tana dakan masara.

Na ce, “Ke, ki faɗa musu gaskiya mana. Magana ɗaya ce: ba na so, don aiki nake ci. Fasto zai fashe da kuka, 'yar mishan ta buga hotonki a mujalla, a bar miki takardarki har da ƙarin hatimi.”

“Mutanen tudu kuma fa?”

“Wa zai gaya musu?”

Ta tsayar da taɓarya. “A garin da kake numfashi?”

“To za ki zauna a ƙwace miki mumbari? Ke kika tara mutanen nan ɗaya bayan ɗaya.”

“Na tara su ne daga baranda, ba daga mumbari ba. Matsa, kana tare wa kaji hanya.”

Ranar Lahadi labari ya riga ya hau tudu, kada ku tambaye ni ta yaya. Mutanen Praiwunga kusan arba'in suka sauko, waɗanda aka yi wa baftisma suka shiga, sauran suka zauna a ciyawa a waje. Tsoho Ndilu na gaba, da rawaninsa da addarsa a ƙugu. Shekara goma sha tara bai taɓa zuwa ƙofar coci ba sai ranar. Ba wanda ya miƙa masa komai, don an hana, saboda haka ya zauna kamar dutse yana kallon sama. Tagogi kuwa duk a buɗe, ko sauro ya yi tari a ciki za a ji a waje.

Dattawa biyar suka zauna a gaba, Fasto a tsakiya. Wani dattijo, wanda ni na san akwai pinang a aljihun wandonsa a daidai lokacin, ya ce, “Malama, jaraba ce, kowa na da tasa. Ki durƙusa a yi miki addu'a, ki sa hannu, a wuce wurin.”

Ta ce, “A yi addu'a, ba na ƙi. Hannu ne ba zan sa ba.”

Fasto ya dube ta. “Mama, ki gaya mini tsakani da Allah. Ba za ki iya bari ba ne, ko ba ki so ki bari?”

Nan na ga amsa ɗaya ce tsakaninta da takardarta, kuma amsar tana bakina tana ƙaiƙayi shekara goma sha tara. Na miƙe. Na ce, “Jama'a, ni akwai abin da na sani…”

Ban san yadda Dorkas ta iso bencina ba. Ƙafa kawai na ji a kan babban yatsana. Har yau farcen bai yanke shawarar fitowa ba. Na ce, “Na sani cewa zafi ya yi yawa,” na zauna.

Ta koma gaba, ta tsaya sosai. Ta ce, “Zan iya bari yau ɗin nan. Ba zan bari ba.”

Ta ciro takardar daga ledarta, ta warware ta, ta shafe ta da tafin hannu a kan tebur. Ta ɗora makullin coci a kai.

“Takarda taku ce, ga ta. Mumbari naku ne, ku kuka gina. Alhamis ba taku ba ce.”

Ta juya ta bi tsakiyar coci, takalminta na ƙara a kan tayil, ba wanda ya motsa. Ta fita taku ɗaya daga inda tayil ya ƙare, ta zauna a ƙasa gaban tsoho Ndilu. Ta sa hannu a jaka ta fito da ƙaramin mbola, wanda ban taɓa sanin tana da shi ba, ta tura masa.

“Baba, tun safe ka sauko, ba wanda ya ce ka iso.”

Tsoho ya ɗauka. Ita ma ta ɗauka. Suka tauna a hankali, coci guda ya taru a tagogi yana kallon mutum biyu suna motsa baki. Sai da ya tofa a ciyawa, ya goge leɓe, sannan ya ɗaga murya.

“To, yanzu na iso. Nelis, ina kake? Ka isar wa faston nan naku da saƙo, tunda har yau ba mu haɗu ba. Ka ce masa yarinyar nan ba ta son pahapa. Ba ta taɓa so ba.”

Na rantse muku kazar da ke bakin rijiya ma ta daina tsattsaga.

Ya ce, “Ranar farko garken dawakina ta ɓata, ni da kaina na zuba toka a wurin. Duk lokacin da ta sa a baki, kunnenta na hagu sai ya motsa. Yaran tudu har kwaikwayonta suke yi. Shekara biyar na farko da gangan nake cika mata farar ƙasa, in ga ko za ta daina zuwa. Ba ta daina ba. Da tana so, da mun ce kwaɗayi ke hawo da ita, kamar wannan,” ya nuna ni da haɓa, ban san laifin da na yi masa ba. “Amma wanda ya zo gidanka yana cin abin da ransa ke ƙi, mako bayan mako, ka san ba wasa ya kawo shi ba. Shi ya sa da jikokina suka ce za su bi ta, ban ɗaga adda ba.”

Tun da aka haifi Dorkas ban taɓa ganin bakinta a buɗe ba magana a ciki ba sai ranar. Can ta ce, “Baba, kun sani? Duk kun sani kuka bar ni?”

“Ke kika ce mana da daɗi. Mu ƙaryata baƙo?”

Mutanen tudu suka tuntsire da dariya, har tsohuwar nan mai tsintsiya ta kwanta a ciyawa. Dorkas ta share ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne, alhali ba wanda ya hura wuta. Amma ba ta bari dama ta wuce ba. Ta gyara zama ta ce, “To tunda ka sauko har ƙofa, Baba, bana fa?”

Ya ce, “Ki tambaye ni baɗi. Ba kin ga yau ma fitowa na yi ba? Aiki ya yi yawa.”

Masu son labari mai daɗi za su so in ce Fasto ya fito da gudu ya mayar mata da takarda. Bai mayar ba. Dokar ta gunduma ce duka, ba shi kaɗai ya yi ta ba, kuma har yanzu yana kan bakansa cewa abin nan yana kisa. Takardar tana cikin durowarsa. Ran Lahadi Dorkas na zama a benci na uku, ba ta wa'azi, sai dai in mawaƙa sun ja waƙa ta yi gyaran murya, nan take su dawo hanya.

Alhamis kuwa ta hau. Ta biyu ma ta hau. A ta uku, tana cikin tafiya ta ji taku a baya, ta waiwaya, Fasto Melki ne yana haki. Ba ta ce masa zo ba, ba ta ce koma ba. Da aka turo mbola ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauka ya riƙe a hannu, bai kai baki ba. Tsoho Ndilu ya leƙa ya ce, “Af, hannun wani ya iso.” Yanzu wata shida ke nan, an ce ya iso har kafaɗa, ana amsa masa gaisuwa. Da Fasto ya kawo ma'aikaciyar asibiti ta duba bakin mutane, ba wanda ya yarda sai da Dorkas ta zauna a gaban kowa ta wangale nata tukuna. An sami mutum biyu da ciwon ya fara taɓawa, aka kai su Waingapu da wuri.

Tsoho ya ce mata tunda asiri ya tonu, daga yau ta riƙa ɗauka tana sawa a jaka, sun yafe. Ta ƙi. Ta ce ita ba mai ɗaukar hoto ba ce, kuma yanzu da ba ta da takarda, jan bakin nan ne kaɗai shaidarta.

Jiya na kai mata wannan rubutu, na tsallake shafin farko don bai shafe ta ba. Na same ta a bayan ɗaki da kofin ruwan gishiri. Na karanta mata, sannan na ce, “To Malama, mu duba. Haƙora sun tafi. Mumbari ya tafi. Tsoho bai tuba ba. Asirin da kika fasa mini yatsa a kansa, ashe ko karen tudu ya sani. Da ni kika aura, da yanzu kina zaune da fararen haƙoranki kina jefa direbobi a kwalbati.”

Ta kurkure baki, ta zubar, ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Shi Ndilu in ya ce baɗi, gaskiyarsa yake faɗa, kuma duk shekara yana matsowa. Kai tun rumfar ciyawa kake zaune gaban wa'azina, ko tofa yawu a waje ba ka koya ba. Ga guga, ga soso. Bayan ƙofa ta hannun hagu. Ka san wurin, a gabana ka yi.”